Tankin Ruwan Kuromiyam: Inda Ƙyallin Ƙarfe Ke Gyaruwa Ko Ya Lalace

Duk wanda ya taɓa sayen kan famfo guda biyu masu kama ɗaya, ɗaya ya shekara goma yana ƙyalli, ɗayan kuma ya fara fitar da ƙuraje da tsatsa kafin damina ta biyu ta wuce, ya riga ya ga sakamakon aikin da za a yi magana a kansa. Ƙyallin nan mai ɗan shuɗi-shuɗi da ke jikin salansar babur da hannun ƙofa da ƙafar kujerar ofis, ruwan kuromiyam ne, kamar yadda ake cewa an yi wa zobe ruwan gwal. Ana tsoma ƙarfen ne cikin tanki mai ɗauke da sinadari, a sakar masa wutar lantarki, sai kuromiyam ɗin da ke narke a ruwan ya riƙa sauka yana manne wa jikinsa. A baki aikin bai wuce haka ba. Wahalar tana wajen riƙe ruwan tankin a kan daidaitonsa wata da watanni, domin ruwa ne mai jure sakaci na tsawon lokaci ba tare da ya nuna alama ba, har ranar da kaya za su fara fitowa a lalace, kuma a ranar sau da yawa asalin laifin yana wani wuri dabam a layin aikin.

Kuromiyam ɗin ado siriri ne ƙwarai. Kaurinsa yakan tsaya tsakanin maikuron 0.25 da 0.5, alhali maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin gashin kai ba. Abu mai wannan siranta ba ya iya cike ƙarzuwa ko rufe rami. Santsi da sheƙi da kariya daga tsatsa duk daga nikel ɗin da aka fara shimfiɗawa a ƙasa suke zuwa, wanda kaurinsa kan kama daga maikuron 5 a kayan cikin ɗaki har zuwa 30 ko 40 a kayan mota da za su sha rana da ruwa. Aikin kuromiyam shi ne ya hana nikel dushewa da komawa rawaya-rawaya, ya kuma ba shi tauri. A kaya masu daraja nikel ɗin hawa biyu ake yi, na ƙasa marar sulfa, na sama mai sheƙi mai ɗauke da sulfa, domin idan tsatsa ta ratsa ta ƙananan ƙofofin kuromiyam ta bi hawan sama a kwance maimakon ta nutsa zuwa ƙarfen. Famfon da ya yi ƙuraje da wuri, galibi a nikel aka yi masa ƙwauro.

Bafaranshe Louis Nicolas Vauquelin ne ya gano kuromiyam a 1797, amma sai da aka shafe fiye da shekara ɗari kafin a iya shimfiɗa shi a kan ƙarfe ta hanyar da masana'anta za ta dogara da ita. George Sargent ya wallafa bincikensa a 1920, sannan Colin Fink da Charles Eldridge na Jami'ar Kolombiya a Amurka suka mai da shi aikin kasuwanci a tsakiyar shekarun 1920. Abin da suka tabbatar shi ne asid ɗin kuromik, wato sinadarin da ke ɗauke da kuromiyam ɗin, shi kaɗai ba ya sauke ƙarfe mai amfani, sai an sa masa ɗan sulfet, kuma a kan wani ƙayyadadden awo. Haɗin da aka gada daga wancan zamani shi ne giram 250 na asid ɗin kuromik da giram 2.5 na sulfet a kowace lita, wato ɗari bisa ɗaya. Masu aikin ado kan kai asid ɗin har giram 400 a lita domin ruwan ya fi ɗaukar wuta ya kuma fi jure datti, amma awon da ke tsakaninsa da sulfet ba ya yin nisa da inda aka faro.

Wannan awo shi ne zuciyar tankin. Idan sulfet ya yi kaɗan, kaya kan fito da zane-zane masu ruwan ƙasa ko launin bakan gizo, ko fararen tabo kamar an watsa farar ƙasa. Idan ya yi yawa, kuromiyam sai ya ƙi shiga lunguna, a juya kan famfo a ga wuyansa da ƙarƙashin hannunsa sun yi rawaya-rawaya saboda nikel ne tsirara a wurin. Sulfet ba ya ƙarewa da aiki kamar yadda asid ɗin ke ƙarewa, sai ma ƙaruwa da yake yi, domin ruwan nikel cike yake da shi, kuma duk kayan da ba a ɗauraye sosai ba suna shigo da shi. Maganin yawansa shi ne bariyam kabonet, wanda giram 2 nasa ke kwantar da kusan giram 1 na sulfet. A tanki mai lita 1,000 da awonsa ya sauko zuwa tamanin bisa ɗaya, rarar sulfet ta kai kimanin giram 600, ana bukatar wajen kilo 1.2 na bariyam ke nan. A ganina kuskure ne babba a zuba wannan adadi gaba ɗaya. A zuba rabi, a motsa, a bari ya kwanta, a sake gwadawa, domin bariyam ɗin da ya wuce kima yakan kama asid ɗin kuromik ɗin kansa ya kwantar da shi. Akwai kuma tankunan da ake haɗa sulfet da fuloraid, waɗanda suka fi sauri da iya rufe lungu, sai dai fuloraid yana cin duk baƙin ƙarfen da bai sami rufi ba, yana kuma cin gilashi da taitaniyam, don haka na'urar ɗumama ruwa da bututun sanyaya shi dole su dace da irin tankin.

Masu rini a karofi sun san cewa ramin baba yana da rai, kuma gwani yakan duba kumfarsa da launinsa ya gane ko yana bukatar toka ko hutu. Tankin kuromiyam ma haka yake bukatar ido kullum, amma ido kaɗai ba ya isa a nan, domin ruwan ja ne mai duhu ko yana lafiya ko ba ya lafiya. Ma'aunin nauyin ruwa da ake jefawa ya yi iyo yana ba da kimanta yawan asid, sai dai yana auna duk abin da ya narke ne, har da baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da suka taru, shi ya sa a tsohon tanki yakan nuna asid ya fi yadda yake a zahiri. Dole ne lokaci-lokaci a kai samfur ɗakin gwaji. Gwajin da ya fi amfani ga mai aiki shi ne na ɗan akwatin da Richard Hull ya ƙirƙiro a shekarun 1930, mai cin mililita 267. Ana sa faranti mai rufin nikel a karkace, gefe ɗaya kusa da tushen wuta, ɗaya gefen nesa, a ba shi wuta na 'yan mintoci. Idan aka ciro shi, sai a ga tarihin tankin a shimfiɗe a faɗin tafin hannu: bakin da ke kusa ya yi toka-toka idan ruwan yana ƙona kaya, tsakiya yana sheƙi, can nesa kuma akwai layin da kuromiyam ya tsaya nikel ya bayyana. A auna wannan layi da rula, a rubuta milimita nawa ne da kwanan wata a bayan farantin, a adana. Farantin mako guda ba ya faɗin abu mai yawa, amma idan aka jera na wata uku aka ga layin yana ja da baya kaɗan-kaɗan, an kama matsala tun kafin abokin ciniki ya dawo da kaya.

Tankin sulfet na gargajiya mai ɓarnar wuta ne. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kawai na wutar ke sauke ƙarfe, saura kuwa yana tafiya wajen fitar da iskar haidurojin da wasu sauye-sauye a cikin ruwan. Duk da haka, a kan ƙarfin wuta na amfiya 15 ga kowane murabba'in desimita (fili mai tsawo da faɗin santimita 10) na jikin kaya, minti biyu zuwa uku sun isa a sami kaurin da ake so. Abin lura shi ne ƙarfin wuta da zafin ruwa tare suke tafiya, ba a taɓa ɗaya a bar ɗaya. Ana riƙe zafin tsakanin digiri 40 da 50 a ma'aunin Salshiyas, kuma kowane tanki yana da ɗan tsukin da yake ba da sheƙi a cikinsa. Ruwa mai sanyi da wuta mai yawa kan ƙone gefuna da kusurwoyi su yi toka-toka da kaushi, ruwa mai zafi da wuta kaɗan kuma kan fitar da kaya fari-fat kamar madara, lunguna ba su rufu ba. Littattafan ƙasashen sanyi sun fi damuwa da ɗumama tanki da safe. A yankinmu, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa, lissafin ya juya. Tankin da ke jan amfiya 1,000 a kan bolt 6 yana cin kilowat 6, kuma mafi yawansa zafi yake zama a cikin ruwan, don haka wanda bai tanadi hanyar sanyayawa ba zai tarar kayan safe sun yi kyau, na la'asar sun yi fari, alhali bai canza komai ba.

Batun wuta yana da wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye. Wannan irin kuromiyam ba ya yafe katsewar wuta. Idan aka ɗauke wuta ko da na 'yan daƙiƙoƙi ana tsakiyar aiki, fuskar kuromiyam ɗin da ya riga ya sauka takan rufe kanta da wata siririyar fata nan take, kuma abin da zai sauka bayan wuta ta dawo yakan fito toka-toka ko ya ƙi kamawa. Gyaran shi ne a cire rufin a sake daga farko. Haka nan rektifayar da ke mai da wutar layi zuwa wuta mai tafiya hanya ɗaya dole ta ba da wuta mai santsi, rawarta ƙasa da kashi 5 cikin ɗari. Idan layi ɗaya cikin uku ya faɗi, ko wani sashe na rektifayar ya ƙone, agogon amfiya na iya ci gaba da nuna adadi mai gamsarwa alhali kaya suna fitowa a dushe. Mutane da yawa kan shiga zuba sinadarai a wannan hali, su ɓata ruwan da lafiyarsa ƙalau. Duk mai niyyar kafa irin wannan aiki a inda wuta ba ta da tabbas, janareta mai tsayayyen gudu yana cikin kayan tankin, kuma hikima ita ce a yi aikin kuromiyam a kansa tun farko maimakon a jira a ɗauke wuta a sauya.

Sandunan da wuta ke shiga ruwa ta cikinsu, wato anod, dalma ce da aka gauraya da kusan kashi 7 cikin ɗari na kuza, ko kuma da antimoni. Ba sa narkewa su ciyar da ruwan kamar na nikel, saboda haka duk kuromiyam ɗin da ya fita sai an mayar da shi ta hanyar ƙara asid. Launinsu yana ba da labari. Sanda mai aiki takan yi ruwan ƙasa mai duhu kamar gasasshen kofi, kuma wannan fata da ke jikinta tana da aiki. Kuromiyam ɗin da ke narke a ruwan iri biyu ne, mai caji shida da tankin ke bukata, da mai caji uku wanda ke taruwa a yayin aiki, fatar kuma ita ce ke mayar da mai caji uku zuwa mai caji shida. Sandar da ta yi rawaya ta mutu: ko dai ta daɗe a ruwa ba wuta, ko kuma ƙugiyarta ta yi datti wuta ba ta ratsawa. Ɗan kuromiyam mai caji uku, kamar giram 1 zuwa 3 a lita, ba ya cutarwa, amma idan ya taru ruwan yakan yi baƙi-baƙi, ya bukaci ƙarin bolt, ya rage shiga lungu. Abin da ke haifar da shi sananne ne: ƙarancin sanduna idan aka kwatanta da yawan kaya, da kuma mai ko tsumma ko katako da ya faɗa ciki asid ya cinye. Ana rage shi ta hanyar kunna tankin a kan wani ɗan ƙarfen da ba a bukata, faɗin anod ya ninka nasa sau ashirin zuwa talatin, a bar shi sa'o'i. Bayan hutun ƙarshen mako ma ana yin irin wannan kunnawar na ɗan lokaci domin a farfaɗo da sandunan, idan kuma hutun mai tsawo ne gara a ciro su a ɗauraye.

Ƙarafan da ke narkewa cikin ruwan, baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da tutiya da nikel, ba su da hanyar fita da kansu. Kowane ƙusa ko hannun ƙofa da ya suɓuce daga maratayi ya kwana a gindin tanki yana narkewa ne a hankali, shi ya sa zura maganaɗisu ko ƙugiya a gindin tanki kowace yamma ya fi kowane magani araha. Idan jimillarsu ta kai giram bakwai zuwa goma a lita, sai an yi amfani da na'urar tace su ko a zubar da wani kaso a maye da sabo, kuma duka biyun kuɗi ne. Kuloraid ya fi su saurin ɓarna, domin 'yan miligiram goma-goma a lita sun isa su kawo hazo a kan kaya su kuma ci sandunan dalma. Daga ruwan nikel yake zuwa, ko daga ruwan da ake cika tanki da shi. Tanki mai zafi yana ƙafewa kullum, kuma duk bokitin ruwan rijiyar burtsatse da aka zuba, ruwan zai tashi ya bar gishirinsa a ciki har abada. Ruwan da aka cire wa gishiri shi ne kaɗai ya dace da cikawa da kuma ɗaurayar ƙarshe kafin kaya su shiga.

Akwai matsalar da ta fi kowace jawo wa tankin kuromiyam zargin da bai ci ba. Nikel ɗin da ya fito daga tankinsa yana da fuska mai karɓa, amma idan ya daɗe a iska ko a ruwan ɗauraya, ko ya bushe, ko kuma sinadarin sheƙi ya yi yawa a tankin nikel, fuskar takan dakushe ta ƙi karɓar kuromiyam, a ga fararen tabo da zane. Haka ma idan maratayi ya fita daga tankin nikel ya bi ta kusa da wani da ke kan wuta, wuta kan ratsa shi ta baya ta dakusar da gefe ɗaya. Kafin a taɓa ruwan kuromiyam, a ɗauki kaya ɗaya a tsoma shi cikin asid ɗin sulfurik da aka surka da ruwa, a ɗauraye, a sa shi a tankin kuromiyam nan da nan. Idan tabon ya ɓace, to a koma baya a gyara layin nikel.

Wani lissafi yana nuna inda kuɗi ke zurarewa. Murabba'in mita ɗaya na kaya mai kaurin maikuron 0.3 yana ɗauke da kuromiyam kusan giram 2, wanda ya yi daidai da kimanin giram 4 na asid. A ce kayan da maratayinsu sun fito da mililita 100 na ruwa a jikinsu, giram 25 ke nan suka bi ruwan ɗauraya, ninki shida na abin da ya zama ƙyalli. Tsayar da maratayi a saman tanki na 'yan daƙiƙoƙi ya tsane, da rataye kaya yadda ba za su kamfaci ruwa ba, da ajiye tankin ɗauraya na farko marar gudu wanda za a riƙa cika babban tanki da shi, suna rage sayen asid, suna kuma rage dafin da za a yi fama da shi a ƙarshe. Sai dai mayar da ruwan yana mayar da datti tare da shi, don haka mai yin haka ya ƙara yawan gwaji.

Wannan dafi ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ga yadda za a raba shi da maganar kula da tanki ba. Kumfar haidurojin da ke fashewa a saman ruwa tana watsa feshin asid a iska. Kuromiyam mai caji shida yana cikin rukunin farko na abubuwan da hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta tabbatar suna haddasa cutar, musamman a huhu. Tun kafin a kai can, yana haƙa gyambo mai zurfi a duk inda fata ta tsage a hannu, yana kuma huda shamakin da ya raba kafofin hanci. A 2006 Amurka ta ƙayyade abin da ma'aikaci zai shaƙa a maikurogiram 5 cikin kowace mita kubik ta iska. Kariyar farko ita ce na'urar zuƙe iska a leɓen tanki, tare da safar hannu da tabarau da wurin wanka. Ana kuma zuba sinadarin da ke sassauta fuskar ruwa domin kumfa ta fashe ba feshi. Wanda aka daɗe ana amfani da shi, PFOS, an gano ba ya ruɓewa a ƙasa ko a jikin mutum, aka sa shi cikin Yarjejeniyar Istokholm, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba da ba sa ruɓewa, a 2009, Amurka kuma ta hana shi a wannan sana'a daga 2015. Mai sayen irin wannan sinadari ya nemi takardar da ke nuna abin da ke cikinsa.

Ruwan ɗauraya kuwa ba a sakinsa a kwata yana rawaya. Ana ƙara masa tsami har ma'aunin tsaminsa, wato pH, ya sauko zuwa tsakanin 2 da 3, a zuba sodiyam metabaisulfait har launin ya juya daga rawaya zuwa kore-shuɗi, alamar mai caji shida ya koma mai caji uku, sannan a ɗaga ma'aunin zuwa 8 ko 9 da farar ƙasa ko soda, kuromiyam ya kwanta kamar laka a tace shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kuromiyam a ruwan sha a miligiram 0.05 cikin lita, alhali lita ɗaya ta ruwan tanki tana ɗauke da giram 130 na kuromiyam, abin da ya isa ya kai lita fiye da miliyan biyu da rabi na ruwa mai tsabta zuwa wannan iyaka. Mutanen Kano da suka san abin da ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharada ya yi wa rafuka da gonakin da ke ƙasa da su ba sa bukatar dogon bayani, kuma kuromiyam ɗin jima mai caji uku ne, wanda dafinsa bai kama ƙafar na tankin ado ba.

Saboda waɗannan dalilai sana'ar tana ƙaura. Tun Satumban 2017 ba a amfani da asid ɗin kuromik a Tarayyar Turai sai da izini na musamman, kuma a 2023 jihar Kalifoniya ta yanke shawarar daina aikin ado da shi daga 2027, da ɗan sassauci har 2030 ga waɗanda suka cika wasu sharuɗɗa. Abin da ke maye gurbinsa shi ne tankin kuromiyam mai caji uku, wanda ya shiga kasuwa tun tsakiyar shekarun 1970. Kuromiyam ɗin da ke cikinsa bai wuce giram 5 zuwa 25 a lita ba, sandunansa na girafait ne ko taitaniyam mai rufi, ya fi shiga lungu, ba ya saurin ƙona gefuna, kuma idan aka ɗauke wuta ta dawo yana ci gaba daga inda ya tsaya, wanda a yanayin wutarmu babbar fa'ida ce. Launinsa yakan ɗan fi duhu, kuma ba ya bar wa wuraren da ba su rufu ba, kamar cikin bututu, ɗan kariyar da tsohon tanki ke bari, sai an ƙara musu wani tsomi daga baya. Ta fuskar kulawa ya fi tsohon tankin tsanani: jan ƙarfe ko tutiya da tsohon tanki ke haƙuri da su a ma'aunin giram, shi a ma'aunin miligiram suke ɓata masa launi, ma'aunin tsaminsa yana bukatar dubawa kowace rana, sinadaran ƙarinsa kuma ana zuba su ne bisa lissafin amfiya da sa'o'in da tankin ya yi aiki, don haka agogon ƙirga amfiya da na'urar tace ƙarafa suna cikin abin da za a saya tare da tankin tun ranar farko.